Kumfa a Idon Mai Tayil

Asibitin ba ya yi wa mutum aikin ido sai ya zo da wanda zai mayar da shi gida, ya kuma kwana da shi. Mai Tayil ba shi da kowa a garin. Sai ya ɗauko Dogo, direban tasin da ya saba kai masa kaya wurin aiki, ya ce idan an tambaya ya ce shi ƙanensa ne.

"Uwa ɗaya uba ɗaya?" in ji Dogo. "Don in san irin fuskar da zan yi."

"Kai dai ka ce ƙane. Ban da ƙari."

Nas ta dubi Mai Tayil, gajere, kakkaura, gwiwoyinsa sun yi kantar da ake gani ta cikin wando. Ta ɗaga kai ta dubi Dogo, wanda sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofa.

"Kai za ka kwana da shi?"

"Ni da Yaya ai ba ma rabuwa," in ji Dogo, ya dafa kafaɗarsa. "Shi ya ɗauko ƙarfin, ni na ɗauko tsawon."

Ba ta yi dariya ba, amma ta bar su suka wuce.

Idon hagu ya tafi tun Mai Tayil yana da sauran ƙuruciya, ranar da ɓarɓashi ya tashi daga bakin injin yanka tayil ya shige shi. Da na dama ya ci abinci duk shekarun nan. Sai shi ma ya soma hazo. Da farko da safe ne kawai, kamar madubin banɗaki bayan wanka da ruwan zafi, kafin hantsi ya washe. Daga baya ya daina washewa. Layin da ke tsakanin tayil da tayil ya ɓace masa, ya koma bin aiki da yatsa, har ranar da wani mai gida ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a fasa rabin ɗakin a sake. Tun daga nan bai ƙara karɓar aiki ba.

Likitar mace ce mai gajeren zance, abin da ya sa ya yarda da ita ke nan. Ranar da ya fara zuwa ta yi masa bayani sau ɗaya.

"A gaban baƙin ido akwai fata mai haske kamar gilashi. A bayanta akwai wani tantani da ya fi ɓawon albasa siranta. Jikinsa ƙwayoyi ne a jere, masu kusurwa shida-shida, kamar irin aikinka. Su ke tsane ruwa daga gilashin don ya zauna garau. Naka sun mutu, ruwa ya taru."

"Ba sa tsirowa?"

"Ba sa yi. In ɗaya ya mutu, na kusa da shi ne suke miƙewa su rufe gurbin, har a kai inda ba za su iya ba. Zan ɓare naka in sa maka na wani da ya rasu ya bar izinin a ɗauka."

"Da me za ki manna shi?"

"Da iska."

Ya ɗauka wasa take yi. A sana'arsa iska ita ce ɓarna. In ta maƙale a ƙarƙashin tayil, ko bayan shekara nawa ne, sai ya ɗaga.

A ɗakin tiyata aka rufe masa fuska da ƙyalle, aka bar rami ɗaya daidai idon. Allura ta kashe zafin, amma kunnensa na nan. Yana kallon fitila kamar wanda ke ƙarƙashin ruwa, sai ya ga wani abu shuɗi ya ratso hasken. Likita ta riga ta gaya masa: ana rina tantanin ne don a iya ganinsa, kuma a naɗe yake shiga, kamar tabarma. Da zarar ya shiga ba a son taɓa shi da ƙarfe. Daga waje ake ƙwanƙwasa gilashin idon a hankali, ruwan da ke ciki ya kaɗa shi har ya buɗe.

Ta soma ƙwanƙwasawa. Bai ji zafi ba, sai ɗan motsi can nesa, kamar ana taɓa ƙofar maƙwabci. Shuɗin ya buɗe rabi, ya sake naɗewa. Ta kuma. Ya sake naɗewa.

"Ya ƙi," in ji Likita. Da Nas take. "Mai shi matashi ne. Nasu haka yake, sai ya ƙanƙame."

Sai can ta ce ya juye ta baibai, a ba ta ruwa ta mayar da shi. Aka ba ta. Ɗakin ya yi tsit, ban da na'urar da ke bin bugun zuciyarsa. Mai Tayil ya san irin wannan shirun. Shi ma ya sha yinsa a gaban tayil ɗin da aka ɗora, aka ɗaga, aka sake ɗorawa, simintin yana shan iska a hannunka, mai gida yana tsaye a bayanka. Ya so ya ce mata kada ta damu da shi, ta yi a hankali. An ce kada ya yi magana. 

Daga ƙarshe shuɗin ya shimfiɗu ya rufe fitilar gaba ɗaya. Sai wani haske mai ƙyalli ya taso daga ƙasa ya danne shi.

"Iska ta shiga," ta ce. "Sannu, Baba."

Bayan an gangaro da shi ɗakin hutawa ta zo ta tsaya a kansa. Bai gan ta ba, ƙanshin sabulun hannunta ya ji.

"Zan faɗa maka yadda abin yake. Tantanin ya sha wahala kafin ya buɗe. Kowane taɓi yana kashe wasu ƙwayoyin. An saba a rasa wasu, amma yau mun rasa fiye da yadda na so."

"Saura nawa?"

"Ban sani ba tukuna. Sai idon ya washe zan iya dubawa. Wataƙila sun isa. Amma ba mu da na zubarwa. Kumfar iskar nan ita ke tokare da shi har ya kama, kuma iska sama take yi. Saboda haka rigingine za ka kwanta, hancinka na kallon silin. Ka tashi ka ci abinci, ka zaga, ka koma. Ban da sunkuyo, ban da ɗaga abu mai nauyi, ban da murza ido. In ya ɓalle sai na ƙara iska, ƙarin iskar ma kashe wasu take yi. Jibi ka dawo. Ƙanen naka ya ji?"

"Na ji, ranki ya daɗe," in ji Dogo daga bakin ƙofa. "Ko tari ya yi sai da izinina."

Dogo ya kawo shi gida a kwance a kujerar baya. Ya ajiye masa burodi da filas ɗin shayi da robar ruwa a kan kujera kusa da gado, ya ɗiga masa maganin farko, rabi a ido rabi a kunne, ya mayar da marfin roba mai huji-huji da aka rufe idon da shi.

"To, Yaya, 'yan'uwantaka ta ƙare, fasinja na jira. Jibi da safe ina ƙofa. In wani abu ya taso ka buga."

"Ja mini ƙofar."

Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida, a ƙasan wani bene. Gadon ƙarfe ne irin na da, mai katako a ƙasa, jingine da bango. Sai da mutum huɗu suka shigo da shi lokacin da marigayiya matarsa take da rai, kuma tun daga ranar bai gusa ba. Ƙasan ɗakin shi ya shimfiɗa da hannunsa, da ragowar tayil na ayyukan mutane, launi ya fi goma, amma ko ƙwallo ka ajiye a tsakiya ba za ta gangara ba. Silin kuwa, ya shekara da shekaru a ƙarƙashinsa bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a durƙushe yana kallon ƙasa. Yanzu an ce ya kalli sama, ga shi kuma babu abin gani sai fari.

Ba fari kaɗai ba. Da rana ta karkato ta shigo taga, ya lura da wani siririn baƙin zobe a gefen abin da yake gani. In ya ɗan karkata kai, zoben ya zame gefe. In ya daidaita, ya dawo tsakiya. Bakin kumfar ne. Ya yi ɗan murmushi shi kaɗai. Yana da ma'auni irin na magina a bayan ƙofa, dogon ƙarfe mai kumfa a cikin ɗan gilashi, wanda da shi ake gane ko ƙasa ta kwanta daidai. Ga shi an mayar da shi kansa ma'auni.

Kuma ma'aunin ya nuna masa abin da bai sani ba: gadon ya lotsa ta ɓangarensa. Ɓangaren marigayiya na nan da tudunsa. Ya ninke tawul ya tura ƙarƙashin kafaɗa har zoben ya zauna.

Sauran kuwa sai kunne. Matar da ke sama ta ja kujera, ta taka zuwa kicin, ta dawo. Ya san takunta sarai, don shi ya yi mata daɓen, amma in suka haɗu a matakala gaisuwa ce kawai. Mai gyaran babur na bakin titi yana ta murza inji. Famfon tsakar gida yana ɗiga cikin bokiti. Ya ci burodi a zaune, kansa a miƙe kamar mai ɗauke da tulu, ya koma ya kwanta.

Washegari da hantsi, yana ƙoƙarin ɗiga magani da kansa, gwiwar hannunsa ta ture wayarsa. Ya ji ta zame tsakanin katifa da bango, ta daki ƙarfe, ta faɗi ƙasa can ciki. Ya zura hannu, hannun ya tsaya a wuyansa. Ya bar ta. Ba wanda zai kira, kuma jibin Dogo ya riga ya zama gobe.

Rana ta yi tsaka, ta gota. Sai murya ta taso daga ƙarƙashin gado.

"Baba, ni ce. Ɗauka mana."

Bai motsa ba.

"Baba, ni ce. Ɗauka mana."

'Yarsa ce, ita kaɗai Allah ya ba su. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran sunan ba, sai dai Uwata. Ita ta saya masa wayar, ta naɗi muryarta ta sa a kan lambarta, don ta ce ya cika barin kira yana wucewa. Tana wani gari mai nisa, ita da mijinta da yara, tana aikin ofis. Bara suka gama ginin gidansu. Ta kira shi da murna ta ce ta hana kowa taɓa ƙasan, Babanta ne zai zo ya shimfiɗa. A lokacin ko layin tafin hannunsa ba ya gani. Ya ce mata aiki ya yi masa yawa, ta nemi wani.

"Aikin mutane," ta ce.

"Aiki dai."

Ta ce to. Tun daga wannan to ɗin muryar ba ta ƙara tashi a wayar ba, shi kuma bai san ta inda zai fara ba.

Kiran ya katse. Ya kwanta yana kallon zoben, zoben yana ɗan rawa da bugun zuciyarsa. Ya gaya wa kansa gobe ma rana ce. Dogo zai zo, ya zura dogon hannun nan nasa ya ciro ta. Zai kira ta da kansa, ya ce wayar ce ta faɗi.

Ba za ta yarda ba. Shi ma da shi ne ba zai yarda ba.

"Baba, ni ce. Ɗauka mana."

Uwata ba ta kira sau biyu. Halinsa ta ɗauko. In ta kira ba a ɗauka ba, ta gama.

Ya yi lissafin abin kamar yadda yake lissafin ɗaki mai kusurwa da yawa. Jan gadon ba zai yiwu ba. Durƙusawa ya leƙa, shi ne ainihin abin da aka hana. Sanda ba ta da amfani ga wanda ba ya ganin abin da yake tsokana. Amma ba wanda ya ce lallai a kan gado zai yi rigingine. Ya taɓa ganin makanike ya shige ƙarƙashin motar Dogo, fuskarsa a sama tun daga shiga har fita.

Ya tashi zaune a hankali. Ya sauko da ƙafafu, ya zame ta bakin gadon har ya zauna a ƙasa, haɓarsa a ɗage. Ya kwanta. Sanyin tayil ya ratsa rigarsa. Zoben ya zo tsakiya cak ya tsaya, ba tawul, ba komai.

"Ka gani," ya ce wa ɗakin.

Sai ya soma turawa da diddige, kafaɗa ɗaya, sannan ɗayar. Haske ya ɗauke lokacin da kansa ya shige ƙarƙashin gadon. Katakon gadon na dab da hancinsa. Hannunsa ya ci karo da tsohon takalmi, da gudumar robarsa da ya daɗe yana nema, da wani abu mai laushi da ya gane ƙura ce ta dunƙule. Rabon da a share wurin tun yana gani. Ya ƙara matsawa. Yatsunsa suka taɓa bango, suka bi gindinsa, suka sami wayar daidai lokacin da ta sake magana.

Ya laluba ya danna.

"Uwata."

"Baba," ta ce. "Na ɗauka ba za ka ɗauka ba."

"Wayar ce ta yi nisa. Lafiya? Yaran?"

"Lafiya lau. Ina kake haka? Muryarka kamar daga cikin akwati."

"Ina duba ƙasan wani abu."

"Aiki dai," ta ce. Ya ji ta ja numfashi. "Ba zan riƙe ka ba. Tayil ɗin falo ne. Jiya muna zaune muka ji ƙara kamar an fasa faranti, sai ga biyu sun tashi sun yi tsini a tsakiya. Wanda ya yi aikin ya ce laifin ginin ne. Baban su ya ce in tambaye ka. Na ce ba sai an dame ka ba, ya ce in dai tambaya."

"Kina falon?"

"Ina ciki."

"Samo cokali. Babba. Ki sa wayar a ƙasa, ki bi su ɗaya-ɗaya da gindin cokalin. Fara daga bakin ƙofa. Tsakiya, sannan kusurwa."

Ya ji takunta ya tafi ya dawo. Ya rufe idon da ba ya gani, ya manna wayar a kunne. Ƙwas. Ƙwas. Sauti mai nauyi, gajere.

"Wannan ya kama. Wuce."

Ƙwal.

"Tsaya. Kin ji bambancin? Sake."

Ƙwal, ƙwal, kamar ana buga ƙwarya.

"Na ji. Me ke nan?"

"Iska ce a ƙasa. Ɗigo-ɗigo ya sa simintin, bai shafe ba. Sa masa alama. Akwai alli?"

"Akwai jan-bakina."

"Ya yi."

Haka suka bi falon, ita a durƙushe a can, shi a kwance a nan. Ba su yi wata hira ba. Yana cewa wuce, yana cewa sa alama. Wani wuri ta riga shi, ta ce wannan ma, ya ce haka ne. Ya ji ƙaramin jikansa ya shigo yana tambaya me ya sa Mama take zana ƙasa, ta ce masa ya je ya tambayi kakansa da ya ƙi zuwa. Ta faɗe shi kamar wasa.

"Jan-bakin ya ƙare," ta ce daga baya. "Baba, ya fi rabin falon."

"Ɗaga su za a yi duka. Su kansu ba su lalace ba, in an bi a hankali."

"Za ka zo?"

Ya buɗe baki zai ce akwai aikin da yake jira ya kama. Ƙurar ta riga shi. Ya ji ta hau hancinsa, ya danne, ya toshe da yatsa, ta ƙi. Atishawar ta ɗaga kansa gaba ɗaya, marfin robar ya daki katakon gadon. Ta biyu ta biyo, ta uku. Wani zafi ya soki idon har ƙeya. Da ya lafa, ya nemi zoben. Yana nan, amma ya rabu biyu, babba da ƙarami, ƙaramin ya gangara gefe.

"Baba? Mene ne wannan? Me ka buga?"

Ya kwanta yana numfashi.

"Ina ƙarƙashin gado," ya ce. "Jiya aka yi mini dashe a ido. An ce kada in sunkuya, wayar kuma ta faɗo nan."

Ya ji ta ajiye cokalin a ƙasa.

"Wane idon?"

"Ai ɗaya ne."

"Tun yaushe ba ka gani?"

"Tun kafin ku yi rufi."

"Wa ke wurinka?"

"Dogo zai zo gobe."

"Waye Dogo?"

"Ƙanena ne," ya ce. "Na asibiti."

Ba ta yi dariya ba. Ya ji ta tashi, ta rufe wata ƙofa.

"Shekara guda ina cewa ka fifita gidajen mutane a kan nawa. Har a gaban Baban su na faɗa. Ka bar ni ina ta faɗa." Muryarta ba ta rawa, ta dai yi ƙasa. "Ba zan samu fita ba sai ƙarshen mako, in ma sun bar ni. Ka fito daga ƙarƙashin gadon nan. A hankali. Kada ka kashe, ina ji."

Ya ɗora wayar a ƙirji ya soma turawa baya. Kafin kansa ya fito haske, wayar ta yi ɗan kuka ta mutu. Caji ya ƙare.

Bai koma gadon ba. Ya bar filo a can, ya jawo bargo, ya kwana a ƙasa.

Da safe Likita ta sa haɓarsa a kan na'ura, ta daɗe tana haska idon.

"Me ya faru?"

"Atishawa. Na buga marfin."

"Ina ƙanen naka yake lokacin?"

"Ba ƙanena ba ne."

"Na sani," ta ce. "Nas ma ta sani." Ta matsar da fitilar. "Tsakiya ya kama. Gefen ƙasa ya ɗaga, kuma ruwa na shiga ta nan. In na bari zai iya kwanciya da kansa, zai iya kuma jan sauran. In na ƙara iska zai kwanta, amma ka san kuɗinta."

"Ƙwayoyi."

"Ƙwayoyi."

"In kusurwa ta ɗaga ba ta komawa don an zuba mata ido," ya ce. "A nawa aikin dai. Naki ke kika sani."

"A nawa wani lokaci tana komawa. Wannan ban yarda da ita ba. Kwanta."

Aka ƙara iskar. Dogo ya mayar da shi, ya share ƙarƙashin gadon ba tare da an sa shi ba, yana mita cewa shi direba ne. Ya ɗaura wa wayar igiya ya rataya masa a wuya.

Uwata ba ta zo ƙarshen makon ba. Ƙaramin ya yi zazzaɓi, ofis kuma suka hana. Tana kira da yamma, ta tambayi magani, ya ce ya ɗiga, ta tambayi abinci, ya ce ya ci, sai su rasa abin cewa. Wani lokaci takan bar wayar a buɗe tana aikinta, ya ji ƙarar tukwane da faɗan yara har cajin ɗayansu ya yi ƙasa. Sauran yinin shi da silin ne, da takun matar sama.

Kumfar ta yi ta ƙanƙancewa. Wata safiya ya farka ya ga wani siririn layi ya ratsa farin da ke samansa, a karkace, daga fanka zuwa kusurwa. Ya ɗauka wani sabon lahani ne a idon. Ya karkata kai, layin bai bi shi ba. Tsaga ce a silin. Ya daɗe yana kallonta. Ko yaushe ta yi, oho.

Da idon ya washe sosai Likita ta sa shi a wata na'urar, ta juyo masa da allon. Ya ga abin da ta faɗa tun farko: daɓe ne, toka-toka, an jera shi. Amma ba irin jerin da zai karɓi kuɗi a kai ba. Wasu ƙanana masu kusurwa shida, wasu sun baje sun yi faɗi, sun rasa siffa, kowanne ya miƙe ya riƙe wurin da ba nasa ba.

"Sun rufe ko'ina," ya ce.

"Sun rufe. Amma ba su da yawa, kuma za su ci gaba da raguwa, kamar na kowa. Wanda ya fara da yawa yakan daɗe. Kai ban yi maka alkawarin shekaru masu yawa ba. In hazon ya dawo sai mu sake magana."

"Zan iya durƙusawa?"

"Yanzu kam. Da tabarau, in za ka yi yanka. Idon nan ba naka ba ne kai kaɗai."

Da ya koma gida ya ɗauko ma'aunin daga bayan ƙofa, ya goge gilashin da bakin riga, ya durƙusa ya ɗora shi a tsakiyar ɗakin. Gwiwoyin suka yi ƙara. Ga kumfar nan tsakanin layukanta biyu, yana ganinta, gefenta ɗan dishi-dishi. Ya ɗaga ma'aunin ya jingine a bakin ƙofa, ya haɗa da gudumar roba da cokalin siminti da igiya. Sannan ya kira Dogo ya tambaye shi motar da ke fita da sassafe zuwa garin su Uwata.

"Yaya, daga tashi sai aiki? Likita ta ce idon zai kai?"

"Falo ɗaya ne," in ji Mai Tayil. "Ka zo da wuri, ma'aunin ba ya shiga but ɗin motarka sai an kwantar da kujera."